Yaya Noreen da Shahon da Ta Sangarta

Shekara talatin yayata Noreen ta yi tana dafa wa masu askin tumaki abinci a yankinmu na Hay, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi daga teburinta bai sassauta bel ba. Ko kare ya kalle ta sau biyu sai ya samu ƙashi. To, wannan baiwar Allah ce ta ajiye ludayi ta ce jinyar tsuntsaye za ta koma.

Shahon da aka kawo mata mace ce, wayar shinge ta karya mata fiffike. Noreen ta raɗa mata Beryl, sunan goggonmu mai faɗan tsiya, kuma lallai suna linzami ne. Da fiffiken ya warke, Dakta Pryor, likitan dabbobin garinmu, ya ba Noreen wani ɗan ƙarfe da ake latsawa ya yi ƙas. In tsuntsu ya yi daidai, a yi ƙas, a miƙa tsoka. Ni kuwa aikina jan fatar zomo da igiya, ina gudu da tumbina cikin ciyawa, Beryl ta kawo sura.

Kai, ka ga sura! Cikin wata guda Beryl ta koma kamar harsashi, har maƙwabta kan tsayar da mota su yi kallo. Sai dai Yaya ta ɓata rawarta da tsalle. In Beryl ta cafke fatar, ƙas. In ta kuskure ma ƙas, wai ai ta yi ƙoƙari. Na yi magana, ta ce in ja igiyata in rufe mata baki.

Ranar gwaji muka tayar da zomo na gaske a bayan rumfar aski. Beryl ta bi shi, ta kuskure da kaɗan, sai ta hau dirkar shinge ta zuba wa Noreen ido tana jiran ladarta. Dakta bai yi dariya ba. Ya ce a daji shaho kan kuskure sau da yawa kafin ya ci sau ɗaya, kuma wanda ya saba da lada a kowane yunƙuri yunwa ce ajalinsa. Ya ba mu mako uku. In ba ta kama da kanta ba, ba zai sa hannu a sake ta ba, keji ne har mutuwa.

Maganin, in ji shi, kada Beryl ta ƙara sanin lokacin da ƙas zai zo. Noreen ta san zuciyarta ba za ta iya zaɓa ba, sai ta ɗauko tsohuwar kartar masu aski, kowace safiya ta zaro ɗaya. In biyu ta fito, sai kamu na biyu za a latsa. In biyar ce, na kaɗe, gudu biyar kenan. Beryl ta yi ta tsuwa, Noreen na juya mata baya tana cizon leɓe. Wata safiya na kama ta da tsoka a hannun riga.

"Yaya, da ƙauna za ki kashe ta?"

"Kai ba ka taɓa ciyar da kowa ba," ta ce, ta mayar da tsokar jaka.

Mako uku suka cika, Dakta ya dawo. Zomon farko ya faɗa rami, Beryl ta hau dirka, na ɗauka lada take jira. Amma ciyawa take kallo. Na tayar da na biyu, shi ma ya sha. Kafin in sake numfashi ta hango wani zomon, ta zabura da kanta, ta bi ƙasa-ƙasa, ta kuskure, ta juyo a iska ta sake dira, ƙura ta tashi. Da ta lafa, ga Beryl ta baje fikafikai a kan zomo. Wallahi ban san lokacin da na jefar da hulata ba.

Dakta ya lallaɓa ya yanke igiyoyin fatar da muke riƙe ta da su a ƙafa, ya sake ta, ya ja baya. Noreen, don murna, ta latsa ƙarfen nan. Ƙas. Ta sake latsawa. Beryl ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka gani?" Yaya ta ce, tana dariya, hawaye na zuba. "Marar kunya, ko kallona ba ta yi ba."