Tsagen da ke Ƙarƙashin Farar Ƙasa

A unguwar Ainu Shams na tashi, a wani ɗaki can ƙarshen bene inda sanyin Alƙahira ke shigowa ta ko'ina. Bayan magariba Kaka Hajjo takan hura gawayi a kasko, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Mace ce mai zargin tsiya. Ko mai kawo gas ya yi mata murmushi, sai ta ce da wata a ƙasa. Duk gidan da muka koma kuma, kafin ta sauke ƙunshinta sai ta bi bango tana shafawa da tafin hannu. Mun sha yi mata dariya a ɓoye.

"Yalla, ku matso," takan ce, "ga ta nan ta taso daga bakin teku."

Wai akwai wata ƙal'a, gidan dakaru na dutse, wadda sarakunan zamanin da suka gina a bakin Bahar Maliya. Da yaƙi ya ƙare aka mai da ita wurin tsare mahajjatan da ke bi ta ƙasa, wai har a tabbatar ba su ɗauke da annoba. Mutanenmu sai kowa ya ɗauki ƙusa ya zana tsagen fuskarsa a bango, don dangin da ke tafe su san ya biyo ta nan. Wata yarinya ta zo neman yayanta. Mai gadi ya tarbe ta haƙora a waje, ya rantse ba a taɓa kawo Bahaushe ba, ya nuna mata bangon da aka shafe da farar ƙasa tas. Yarinya ta rufe ido ta shafa, yatsunta suka faɗa cikin tsage.

"Sai me, Kaka? Ta same shi?"

"Halas, ya isa haka. Dankalinku na ƙonewa."

Wannan tatsuniyar kaɗai ba ta taɓa ce mata ƙurunƙus ba.

Bayan rasuwarta na nemi wurin. An gyara ƙal'ar, an sa fitilu, ana sayar da shayi a tsakar gida, amare na ɗaukar hoto. Na tambayi mai zagayawa da baƙi labarin mahajjata.

"Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, sojoji kaɗai suka zauna nan," ya ce, yana murmushi.

Murmushin ne bai kwanta mini ba. Na bi bango ina shafawa, ko'ina siminti sumul. Sai a ƙarƙashin matakala, inda aka jingine buhunan simintin da ba a kai ga buɗewa ba, na ji tsage birjik. Ɗaya irin na kumatun Kaka ne sak, uku-uku da bille. Na ce wa kaina ai duk mutanen garinsu ke da wannan tsagen. Sai hannuna ya sauka ƙasa, daidai tsayin ƙaramar yarinya, ya taɓa wani irinsa, ɗan ƙarami, a karkace.

Nan na durƙusa, kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Shekara da shekaru muna dariyar tsohuwa mai zargin bango, ashe yayanta take nema.