Baba Ilu da Jakar da Ya Bari a Ƙusa

Ina cikin yanka fata a rumfa Hadiza, ƴar Baba Ilu, ta kira ni daga garin Dogo. Ta ce, "Yaya Sani, Baba ya cika." Na yi salati. Abin da ya fara zo mini bayan salatin ba kuka ba ne, haushi ne, kuma har yau bai sake ni ba.

A hannunsa na koyi dukanci a unguwar Birni, cikin Damagaram. Mutum ne da zai warware ɗinkin yini guda saboda zare ɗaya ya karkace, ya kuma ba ka nasa tuwon don kada ka kwana da fushi. Taurin kai kuwa, ban ga na biyunsa a Damagaram ba.

Shekarun baya aka ba shi ƙwayar ciwon gaɓoɓi. Bayan ƴan makonni zazzaɓi ya rufe shi, fuska ta kumbura, fatar jikinsa ta dinga salewa. Da ƙyar ya fito daga gidan likita da ransa. Yakan ce, "Ni da nake jeme fatar awaki, sai ga ƙwaya ɗaya ta jeme tawa."

Likita ya gargaɗe mu cewa irin wannan ciwo yakan bar baya da ƙura, jiki ya juya yana yaƙar kansa, don haka a riƙa dawowa gwajin jini. Baba ya yanka rago, ya tara unguwa, ya rufe zancen. Duk sanda na tuna masa sai ya ce, "Na yi sadakar godiya, sannan in koma in tambaya ko da saura? Ina kunya?"

Saura kuwa akwai. Ƙishirwa ta kama shi, ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Da muka kai shi bisa tilas aka ce ciwon suga ne, jikinsa ya kashe abin da ke sarrafa sugan, kuma allura ce kullum har ƙarshen rai. Mutumin da basilla ta huhhuda masa yatsu tun yana yaro ba tsinin yake tsoro ba. Abin da ke cikin kwalbar yake tsoro, kuma wanda ya ga jikinsa a wancan lokaci ba zai ga laifinsa duka ba.

Kowace safiya sai mun yi daru kafin in yi masa allurar. "Kai Sani, ɗan albarka, bari sai gobe." "Baba, miƙo hannu." Ranar da ya ɗinka wa kayan allurar jaka ta jar fata, da ado irin na amare, na ce alhamdu lillahi, an shirya.

Makon jiya ya tafi suna a Dogo, ya ce kwana biyu. Ya zarce kwanakin, can ciwon ya kayar da shi. Da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗakinsa, sai ga jakar rataye a ƙusa, a cike, bakinta a ɗaure tsaf. Ba mantuwa ba ce. Baba bai taɓa manta ko tsinken sakace ba.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma da zan same shi na minti ɗaya, sai na yi masa faɗa kafin in rungume shi.

Allah Ya gafarta wa Baba Ilu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya sa wahalar da jikinsa ya sha ta zama kaffara. Allah Ya ba Inna Zara, matarsa, da Hadiza da ƙannenta dangana. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu da safe sai in ga na nufi ƙusar nan.