Inna a Gefen Hoto

Akwai wani hoto da na ɗauka a Kalgo wanda ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina da shagon hoto a Gwandu, ga ni da ji da kai. Wani dattijo ya kira ni gidansu. Zuri'a ta taru, kuma mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ranar ta yarda.

Tsakar gidan ƙunci gare ta, mutane kuma maƙil. Gilashin kyamara biyu ne a jakata, duka masu faɗi. Ɗaya yana kwashe gida gaba ɗaya, amma yana ja wa mutanen gefe fuska. Ɗayan yana barin kowa da kamanninsa, sai dai dole in raba jama'a kashi biyu. Ni kuwa so nake a ce mai hoton Gwandu ya haɗa kowa a bugu ɗaya, don haka na ɗaura na farkon. Na ce ai tsohuwa a tsakiya za ta zauna.

Na manta dattijon ɗan farinta ne. Tana ganin kujerarta kusa da tasa, ta kawar da kai.

"Ni ban zamnawa kusa da yaron ga," in ji ta. Yaron nan fa gemunsa fari fat.

Aka yi dariya, ta ja tabarma can ƙarshen layi. Ina gani, kuma gilashi na biyu yana jakata, amma ƙyuya ta hana ni sauyawa. Na danna.

Da na wanke hoton, kowa ya fito tsaf, sai ita kaɗai fuskarta ta miƙe kamar an ja ƙullu. Na koma na roƙe ta a sake. Ta ce, "Ɗan nan, na zamna sau guda, ya isa."

Kafin damina ta faɗi, tsohuwar ta rasu.

Da na je gaisuwa, na tarar da hoton a zaure. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "Zanenta dai na, na gane shi." Bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar ba na zaɓar gilashi sai jama'a sun gama zama, na duba wa ke gefe. A gidajenmu, wanda ya fi kowa daraja sau da yawa can yake zama.