Ƙaton Goggo da Bidon Maganin Fara

In kun ga dama ku yarda, in kun ƙi ku hau mota ku je Tanut ku tambaya, shaiduna ba su gama mutuwa ba. Ni ɗin nan, wanda in iska ta taso sai na riƙe darni, na taɓa kada ɗan kokawar da duk ƙauyukan Damargu ke tsoro. Da rana tsaka aka yi, a tsakar gidan likita, gaban mata masu jiran awon ciki.

Mutumin taubashina ne, ɗan goggona ƙanwar baba. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, ko da yake da hannu ɗaya yana iya ɗora ni bisa rumbu, kuma ya sha ɗorawa. Mutanen gari ƙaton goggo suke kiransa. In goggo ta dama fura ƙwarya biyu take yi, ɗaya ta gida duka, ɗaya tasa, kuma tasa ta fi girma. Ranar kasuwa in raƙumi ya ƙi tashi, Buzaye ba sa ɗaukar bulala, shi suke aika a kira. Ni kuwa kamasho nake a tasha, bakina ne jarina. In kaka ta yi aka buɗe fagen kokawa sai in bar motoci in koma yi masa kirari.

Cikin shekarun tamanin, daminar da ruwa ya dawo mana bayan fari, gero ya yi kyau har tsofaffi suka fara dariya da sauran haƙoransu. Ana cikin haka fara ta sauka. Mutanen gidan gona suka zo da magani a kamyo, wato babbar motar kaya, suka zaɓi samari aka koya musu feshi. Ƙato aka fara nunawa, don shi kaɗai yana ɗaukar kayan mutum uku. Aka ce in bido, wato jarkar maganin, ya ƙare a mayar da shi. Kowa ya mayar, ban da nasa guda, wanda ya kwana cikin ƙaiƙayi a bayan ɗaki har kamyo ya tafi.

Ku da kuka taso cikin robobi ba za ku gane ba. A lokacin gwangwanin tumatir ma gado ake rabawa a kansa. Wannan kuwa bido ne shuɗi, roba mai kauri, da murfi mai murɗawa, a gefensa an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ƙato ya wanke shi da toka, ya wanke da yashi, ya shanya. Wari bai fita ba. Ya shinshina ya ce:

"Wannan warin shi ne ƙarfin. Abin da ya kwantar da fara gona guda, ɗan Adam me zai yi da wanda ya sha tururinsa?"

"Bawana," na ce, "fara ai mutuwa ta yi, ba kaye ta yi ba."

"Ita sha ta yi babu tsari. Ni da tsarina."

Daga ranar tsiminsa na ƙarfi, saiwoyi da sassaƙe da ƴar kanwa da yake jiƙawa a gora, ya koma cikin bido. Safe kofi, yamma kofi.

Kakar farko mun ci duniya. In muka shiga fage ni ke gaba ɗauke da bido a ka, na juya hoton yana kallon jama'a, ganga na tashi, ina faɗin ga mai karya kumallo da ajalin fara, wannan kan da kuke gani na wanda ya kama bara ne, wa zai ba mu na bana. Akwai yaron da ya zo daga Belbeji, yana ganin hoton ya ce cikinsa na murɗa, har yau ba a ga dawowarsa ba. Ƙuda ba ya sauka a bakin bidon, tururuwa in ta zo kusa sai ta sake hanya, mu kuwa muna cewa kwarjini ne. Sau ɗaya na kurɓa. Harshena ya mutu har la'asar, abin da ya jawo tasha ta samu hutun da ba ta taɓa samu ba. Da ya sake miƙo mini na ce ubangida ba ya sa baki inda bawa ya sa.

Da rani ya shigo, bido na kwana cikin rana yana gumi, ƙato ya fara sauyawa. Ƙwaryar furarsa ta fara dawowa da saura, har kajin goggo suka yi ƙiba. Ciwon kai ba ya barinsa. Mura ta kama gari, kowa ya yi ta ya warke, tasa ta zauna kamar ta biya haya. Ɗan ƙurjin da ƙasar fage ta yi masa a gwiwa, irin wanda da tofa masa yawu yake ya wuce, ya zama gyambo. Damina ta zo, mutumin da ke nome gonarsu ya taya maƙwabta, ya koma yin kunya biyu ya nemi inuwa. In ya ɗauki kofi hannunsa na kaɗawa, farin idonsa ya koma kalar man shanu.

Shi a wurinsa magana a fili take. Akwai wani ɗan kokawa a Gangara da ya kayar bara, an kuma sa rana za su sake haɗuwa bayan girbi. To wa zai yi masa sammu in ba shi ba? Maganin sammu kuwa ƙarin tsari. Kofi biyu ya koma huɗu.

Goggo ce ta gaji. Wata safiya ta ɗaura zane ta yafa mayafi ta tsaya a kansa.

"Tashi, likita za mu."

"Inna, wannan ba ciwon likita ba ne."

"To su faɗa mini da bakinsu. Kai kuma," ta juyo kaina, "mai baki kamar rediyo, je ka nemo mana wuri a mota."

Ya yarda zai je, amma ba zai bar bido a gida ba, kada maƙiya su zo su zuba masa wani abu a ciki. Haka muka shiga Tanut, ƙato a gaban mota rungume da guba yana gadinta kada a sa mata guba.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Tun muna bakin ƙofa ya ɗaga hanci.

"Wa ya shigo mini da maganin fara?"

"Tsimi ne, majo," in ji ƙato. "Na wanke shi tas."

Majo ya sa aka ajiye bido can gindin bedi, wato dalbejiya. Ya ja fatar idon ƙato ƙasa, ya danna masa ƙarƙashin haƙarƙarin dama har ya yi tsalle, ya duba gyambon, ya tambayi kalar fitsarinsa. Sannan ya fito da mu waje, inda aka jingine wani tsohon gadon ƙarfe da tsatsa ta cinye ƙafafunsa. Ya sa farce ya ɓantaro ɓawo ja ya zuba a tafin ƙato.

"Wa ya yi wa gadon nan sammu?"

"Ba kowa. Tsatsa ce."

"Ita ce a cikinka. Roba tana shan magani kamar yadda sabuwar randa ke shan ruwa, toka ba ta kai wa can. In rana ta gasa ta sai ta mayar maka cikin tsimi. Duk abin da ka haɗiye hanta ke tace shi, kuma in ta gamu da guba ƙona ta take yi, kamar maƙeri a bakin wuta. Wurin ƙonawar tartsatsi ke tashi. Jiki yana da masu kashe tartsatsin, daga abinci yake samun wasunsu, kuma in kaɗan ne suna iyawa. Kai kuwa safe da yamma kake hura wutar, ga shi ba ka cin abinci. Sun ƙare. Tartsatsin ya koma cin hantar kanta, yana cin ƙoda, yana cin sojojin da ke cikin jini masu yaƙi da ciwo. Shi ya sa mura ta raina ka, ƙurji ya ƙi rufewa. A lakkwal, makarantar boko, an ba abin dogon suna da Faransanci. Ku dai riƙe tsatsa."

Goggo ta taka ta je ta leƙa hoton da ke jikin bido, ta dawo ta kalli ɗanta da ƙasusuwan kumatunsa suka fito.

"Ashe hotonka ne suka zana tun wuri, kai ne ba ka ƙarasa kama da shi ba."

Majo ya ce sharaɗi biyu ne: bido ya zauna nan, kuma babu kokawa bana. Zai rubuta takarda mu wuce babban gidan likita a Damagaram a duba jininsa. In an bar hanta ta huta da wuri takan yafe, in aka ci gaba ba ruwansa.

Ƙato ya je ya ɗauki bidonsa ya rungume.

"Majo, ka yi haƙuri. In ban je Gangara ba za a ce tsoro na ji. Ƙarfina na nan, barci yake. A bar ni da tsimina zuwa bayan girbi, in na kada mutumin in kawo maka da hannuna."

Na ga idon goggo ya cika. Na san bawana, lallashi ba ya shigarsa, wa'azi kuma barci yake sa shi. Sai na tuɓe riga na rataya a gadon tsatsa. Matan da ke layi suka fara ƙirga haƙarƙarina da ido.

"Bawana, mutumin Gangara ya yi nisa. Ga ubangidanka. In ka kada ni, ni zan ɗaukar maka bido har gida. In na kada ka, na majo ne."

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

"Kai? Tsinke, in na yi atishawa sai an nemo ka a Agadas."

"To yi mu gani."

Majo yana cewa ku bari, ku bari, mun riga mun kama. Gaskiya na yi kalmar shahada a zuci. Amma hannun da ya dafa kafaɗata ba wanda na sani ba ne, ba nauyi, sai rawa. Na sa ƙafa na taɗe shi irin taɗiyar yara a bakin rijiya. Ƙaton goggo ya zauna daɓas cikin rairayi.

Wata tsohuwa ta fara guɗa, ƴarta ta rufe mata baki. Shi kuwa bai tashi ba. Ya buɗe tafukansa yana kallo, da sauran jan tsatsar majo a jiki. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba:

"Majo, ɗauki abinka. In wannan ya kada ni, lalle mutuwa nake."

Majo ya sa aka huda bido da ƙusa ta ko'ina don kada wani ya sake sha'awarsa, aka aika wa mutanen gidan gona abinsu. Ni kuma na sha faɗa a kan kokawa da majinyaci, faɗan da na karɓa ina murmushi.

Muka yi Damagaram, aka ɗebi jini, aka ba shi magani, aka kwantar da shi ƴan kwanaki. Da muka dawo goggo ta karɓi aiki. Zogale da safe, yakuwa da rana, wake da dare, in mota ta zo daga kudu ni ke tare ta in sayo tumatir da lemu. Ƙato yana ci yana ƙunƙuni wai an mayar da shi akuya. Ranar kokawar Gangara yana jin ganga daga nesa ya juya fuska bango. Washegari sai ga mutumin da ake zargi da sammu ya zo dubiya bisa jaki, da cuku da dabino, ya ce fage ba daɗi babu ƙato, ya yi sauri ya warke. Bawana ya rasa inda zai sa ido.

Gyambo ya rufe kafin sanyi ya fita. Ido ya yi fari. Ranar da ƙwaryar fura ta dawo a lashe, kajin goggo suka shiga makoki. Da wata kakar ta zagayo ya koma fage da tsohon goransa, ya kama mutumin Gangara, aka yi ta turzawa har makaɗa suka gaji, sannan ya aza shi ƙasa a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Yana fitowa ya ɗauke ni ya ɗora bisa rumfar mai goro ya tafi ya bar ni.

Wannan bai hana ni ba da labari ba. A tasha na ba da shi, a kasuwa na ba da shi, kuma kullum kayen na ƙara girma, har ya kai na ɗaga shi sama na juya sau uku. Ranar sunan ɗansa na fari, tsakar gida cike da baƙi, na miƙe ina bayyana musu cewa a duk Damargu mutum ɗaya ne ya taɓa sa angon ƙarni a ƙasa, kuma ga shi tsaye gabansu. Goggo tana rabon fura, ko ludayi ba ta ajiye ba ta ce:

"Zauna, ɗan nan. Maganin fara ne ya kada shi. Kai dai farar da feshi ya tsallake ce."