Yadda Manaja Ta Koma Gidan Baba Ƙarami

Babanmu kafinta ne, kuma rabin ƙofofin unguwarmu aikin hannunsa ne. Lokacin da suka tare a nan shi da ƙaninsa, gidajen ba su da yawa. Daga inda motar haya ke juyawa sai ciyawa da ƙaya har zuwa kwarin da ke bayanmu. Fili ɗaya mahaifinsu ya bar musu, suka raba shi biyu da katanga. Shagon Baba yana gaban gidanmu: rumfar kwano, dogon benci duk tabon gam, zartuna rataye a ƙusoshi, da garin katakon da ba ya ƙarewa komai sharar Umma.

Ba mai yawan magana ba ne. In ka kawo masa aiki zai auna, ya maƙala fensir a bayan kunne, ya ce ka dawo. Ƙaninsa kuwa, wanda muke kira Baba Ƙarami, tsohon direban doguwar mota ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Har yau da furfura ta cika masa kai, Auta Baba ke ce masa. Da yamma mutane sukan biyo ta gaban shagonmu su ce wa Baba sannu da aiki ba tare da sun tsaya ba, su wuce ƙofar Baba Ƙarami su zauna a kan bencin da Baba ya ƙera, a yi ta dariya. Baba yana jin su. Sai ya ƙara wa zarto ƙarfi.

"Tun muna yara haka yake," ya taɓa ce min. "Ni in ɗebo ruwa, shi a yi masa sannu."

Abu ɗaya ne Baba ke da shi wanda ƙaninsa ba shi da shi, wato kyanwa. A cikin tarin katako ya tsince ta tana jaririya, ya raine ta da madara a murfin gwangwani. Ya sa mata suna Manaja, wai don ba ta aikin komai sai zama a ƙarshen benci tana duba masu aiki. Toka-toka ce, mai farin wuya, kuma ba ta yarda da kowa sai shi. Ranar da ta yakushi Baba Ƙarami a hannu, Baba ya yini cikin fara'a, har ya ba wa mutum uku labarin, shi da ba ya ba da labari.

Karnukan kuma da gine-gine suka zo. Masu gini kan ajiye kare ya tsare musu siminti da rodi, in an gama aiki su tafi su bar shi. Waɗanda aka bari suka gangara kwari suka hayayyafa, ga bolar da mahauta ke zubar da ƙashi a bakin hanya tana ciyar da su. Kafin mu ankara sun zama garke, wata jar karya mai yagaggen kunne tana gaba. Da farko a kwarin suka yi ɓarna. Kukan fakara da muka saba ji da safe ya ɗauke. Zomayen da yara ke kora suka ɓace, sai fatun bushiya da ake gani a kan hanya an cinye cikinsu. Daga nan suka shigo unguwa. Suka fasa kejin zomayen wani malamin makaranta, suka kashe ɗan ƙaramin karen matar da ke sayar da magani, a gaban idonta. Iyaye suka fara raka yara makaranta da sanda a hannu.

Wata safiya Baba ya tafi can cikin gari sa ƙofofi. Manaja ta zagaya bayan katanga farautar ƙadangaru kamar yadda ta saba, karnukan suka rutsa ta. Baba Ƙarami yana wanke babur ɗinsa ya ji kukanta. Da bokitin da ke hannunsa ya yi kansu, yana jifa yana ihu, har ya faɗi ya goge gwiwa. Ya naɗe ta a tawul ya kai ta wurin likitan dabbobi, aka yi mata ɗinki a cinya da baya. Likitan ya ce a ajiye ta inda ba ƙura ba hayaniya. Shagon kafinta kuwa ba abin da ke cikinsa sai su. Shi ya sa da Baba ya dawo, ya tarar da ita kwance a kan matashi a falon ƙaninsa.

Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Yaya, ka shigo mana. Ta sha madara ɗazu."

"A hannunka?"

"To a hannun wa?"

Baba ya dubi gwiwar ƙaninsa da aka naɗe da bandeji. Ya ce, "An gode," kamar mai zare ƙusa daga busasshen katako, ya juyo gida.

Ciwo ya warke, aka cire zare, gashi ya fara tsirowa. Manaja ba ta dawo ba. Ita da ba ta yarda a taɓa ta, sai ga ta a kan cinyar Baba Ƙarami da yamma, a tsakiyar masu hira, idonta a lumshe. Baba kan tsaya a bakin rumfa ya yi mata irin kiran da ya saba, ta ɗaga kunne ɗaya ta mayar. Ya share mata ƙarshen benci, ya hana kowa ajiye kaya a wurin. Ya fara sayo kifin gwangwani yana buɗewa a kan katanga don ƙamshin ya tsallaka.

Umma ta ce, "Duk zamanmu da kai ban taɓa ganin ka sayo min kifin gwangwani ba. Ko sai na koma gidan Auta?"

Bai yi dariya ba. Ranar kuma wata mata ta zo karɓar kujerarta, ta ce, "Ashe kyanwar Direba ta warke." Baba ya ce kujerar ba ta bushe ba, ta dawo wani lokaci. Ni na shafa mata fenti, na san ta bushe sarai.

Da abin karnukan ya ishi kowa, aka kira taron unguwa a wani aji na makarantar yara. Na raka Baba. Manya suka matsu a kan ƙananan kujeru, gwiwoyi a sama. Wasu suka ce a zuba guba a nama a watsa a bakin kwari. A hanya Baba ya riga ya faɗa min cewa in aka yi haka, kaji da kyanwoyi da sauran 'yan namun da suka rage duk za su mutu. Na yi ta zungurinsa ya tashi ya faɗa. Yana cikin gyaran murya Baba Ƙarami ya miƙe ya faɗi wannan maganar dai, da barkwanci a ciki, ya ƙara da cewa ya san wani a ofishin kula da dabbobi, zai je ya kira su. Aka tafa masa. Wani tsoho ya ce unguwa ta yi dace da mutum mai tunani irin Direba.

Baba ya tashi muka koma gida. Washegari ya ture aikin mutane gefe ya hau ƙera tarko: dogon akwati na katako da ragar waya, da ƙofa mai faɗowa in an taɓa abincin da ke ciki. Ya ce kafin 'yan ofishin Auta su gama shan shayinsu, shi ya kama jar karyar. Muka ɗauka tare muka kai bakin hanyar kwari, ya sa kawunan kifi a ciki.

Karnukan suka shinshina suka wuce. Bushiya tarkon ya fara kamawa, Baba ya sake ta. Bayan haka, wata safiya da muka je dubawa, muka tarar da Manaja a ciki, ta cinye kifin tas.

Na ce, "Bari in buɗe mata."

"Bar ta."

Ya cire rigarsa ta sama ya rufe akwatin, ya ɗauko shi a ka shi kaɗai. Ya shige da shi ɗan ɗakin ajiyar katako da ke bayan shago, ya sake ta a ciki, ya ja ƙofa ya sa sakata. Ya dube ni. Ban taɓa ganin kunya da taurin kai a fuska ɗaya kamar ranar ba.

"Kyanwata ce," ya ce. "Ba sata na yi ba."

Ya kai mata madara, ya kai kifi, ya kai tsohon buhun da take kwana a kai. Ta shige ƙarƙashin katakai, in ya miƙa hannu ta yi masa huci. Ba ta taɓa abincin ba. Can waje kuma muna jin Baba Ƙarami yana bin layi yana kiranta, yana tambayar duk wanda ya gani. Ya leƙo shago ya ce, "Yaya, ba ta zo nan ba?" Baba ya duƙufa a kan abin da yake aunawa ya ce, "Kai da take wurinka kake tambayata?"

Washegari da hantsi Umma ta shigo shagon, abin da ba ta cika yi ba. Ta tsaya a gaban bencin har sai da ya ɗago.

"Ƙaninka ya gangara kwari da sanda, yana ɗingishi. Ya ce ko gawarta ce sai ya gano. Karnukan suna can. Ni dai na faɗa maka."

Ta juya ta koma ciki. Baba ya ci gaba da aunawa, ya ja layi da fensir, ya sake jan wani a kansa. Sai ya ajiye, ya ɗauki wani guntun katako mai kauri ya fita da sauri. Na bi bayansa.

Mun same shi a ƙasan kwarin, ya jingina da wani dutse yana haki, ƙaya ta yayyaga masa wando. A kan gaɓar da ke sama da shi karnukan sun jeru suna kallonsa, jar karyar ta fara gangarowa. Baba ya buga katakon a kan dutse, ya daka musu wata tsawa da ban san yana da irinta ba. Suka ja da baya, ba gudu ba, suna waiwaye. Ya kama ƙaninsa a hammata ya ɗago shi, suka fara hawowa a hankali.

Sai da muka kusa fita Baba ya ce, "Tana wurina. A ɗakin katako."

Na zaci za a yi rigima. Baba Ƙarami ya tsaya ya numfasa, ya share gumi.

"Ta ci abinci?"

"Ta ƙi."

"Da mansa ka ba ta kifin? Tun da ta yi jinya ba ta son man. Sai ka tsame ka ɗan wanke."

Ina ganin da zaginsa ya yi, da ya fi wa Baba sauƙi. Ya raini kyanwar nan tun ba ta buɗe ido sosai ba, yau ga Auta yana koya masa yadda take cin abinci. Da muka isa gida ya zare sakatar ya matsa gefe. Manaja ta fito, ta miƙe, ta bi ta gefen ƙafarsa ba ta goge shi ba, ta haye katanga ta dira can.

'Yan ofishin dabbobi sun zo daga baya da mota da raga. Sun kama da yawa, har da jar karyar. Suka duba tarkon Baba suka ce ƙofarsa ba ta da nauyin da za ta riƙe babban kare, amma suka ara suka kwashe 'yan kwikwiyon da aka samu a rami. Aka kwashe bolar, aka kewaye wurin da waya. Ba duka karnukan suka ƙare ba, har yanzu akan ga ɗaya ko biyu suna ratsa layi, sai dai garken ya watse. Da damina ta zagayo muka sake jin fakara. Mutanen unguwa suka je yi wa Baba Ƙarami godiya a ƙungiyance. Baba ya ce yana da aikin gaggawa, ya zauna yana ta goge ƙafar tebur guda har suka watse.

Ya daina buɗe kifi a kan katanga. Ya kuma daina shiga gidan ƙaninsa, sai gaisuwa daga nesa. Haka aka yi ta tafiya har wata rana matar Baba Ƙarami ta leƙo tana dariya ta ce Manaja ta haihu, kuma a cikin kabad ɗin kaya, a kan fararen rigunan maigidan na fita.

"Ta ɓata su?" in ji Baba.

"Ba wadda za ta sake sawuwa."

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya wanke hannu, ya karkaɗe garin katako daga wandonsa, ya ce bari ya je ya ga ɓarnar. Muka shiga har ɗakin kwana. 'Ya'yan suna manne da cikinta, ɗaya mai farin wuya irin nata. Baba ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Bai miƙa hannu ba, ita ma ba ta yi masa huci ba.

"Yaya, in sun yi wayo ka zaɓi wadda kake so."

"Ni ba za ka ba ni kyauta daga abina ba."

Ya shafa gefen kabad ɗin da tafin hannu. "Wannan ai ni na ƙera shi, lokacin aurenka. Duk faɗin gidan nan ba ta ga wurin haihuwa ba sai cikin aikina."

"Haka ne, Yaya."

Ya buɗe ƙofar kabad ɗin ya rufe, ya sake buɗewa, ya karkata kai yana saurare. Ya ce ta fara sauka, in ba a gyara ba za ta faɗo wa yaran a ka. Ni ban ga abin da ya sami ƙofar ba, Baba Ƙarami ma ya dube ni ya kau da kai. Baba ya aike ni in ɗauko masa jakar kayan aiki. Ya zauna dirshan a ƙasan ɗakin ya kwance ƙofar gaba ɗaya, yana aiki a hankali don kada ƙara ta dame su. Da matar Baba Ƙarami ta kawo masa shayi ya karɓa, ya ce a gaya wa Umma kada ta jira shi, aikin zai ɗauki lokaci.