Jar fuskar da Yaya Lami ta danna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shanya masara da safen nan Hindatu ta bugo min daga Dayi, wai mahaifiyarta Yaya Lami ta cika bayan asuba. Hawan jini.

Masarar na nan yadda na bar ta, kaji na ci.

Tare muka yi makarantar allo a Malumfashi. In na makara ita ke wanke min allo. Da na yi haihuwar fari, sati biyu ta bar gidanta tana dafa min ruwan wanka.

Farkon korona wasu masu bincike suka zo asibiti, suka sa mana wata manhaja a waya, mu masu zuwa awon hawan jini, har da Yaya Lami. Wai suna son sanin halin jikinmu da na zuciyarmu a zaman kulle. Kullum da hantsi sai wayar ta yi ƙara ta tambayi barci da jiki da zuciya. Fuska uku ne: koriya mai murmushi, rawaya, sai ja mai kuka. Suka ce duk wadda ta danna ja likita zai kira ta. Da kunnena na ji.

To mu nan, wa ake tambaya jiki ya ce babu sauƙi? Kowa koriya yake dannawa.

Cikin kullen mijin Yaya Lami ya rasu. Ba zaman makoki, ba mota. Takaba ta shiga, daga ita sai wayar nan.

Da aka buɗe hanya na je. Ta rame har awarwaronta na zamewa, amma a wayar koriya ce a jere. Na ce, "Yaya, wannan fa ƙarya ce, kuma ko waya aka yi wa ƙarya ana rubutawa."

Ta yi dariya. "Malama, har a kan waya ma sai kin yi min wa'azi? In danna mai kuka, kamar ina ƙorafi da hukuncin Allah?"

Na ce faɗa wa likita ciwo ba butulci ba ne. Ta goge yatsa a bakin zane, ta danna ja a gabana. Ta ce, "To ga shi, na tona wa kaina asiri."

Tun ranar ja take dannawa. Wayar kusa da sallaya take kwana, kada likita ya kira ba ta ji ba.

Ba wanda ya kira.

Ganina da ita na ƙarshe, Juma'ar waccan, ta ƙulla min sabuwar gyaɗa a leda. Ta ce, "Ƙila layin ne da tsawo, masu ja sun yi yawa." Har a nan uzuri take ba su.

Shekaranjiya na tambayi nas a asibiti. Ta ce ai sun gama bincikensu sun tafi tun kafin babbar sallah. Ba sallama, ba su ko kashe abin ba. Na yi niyyar gobe in je in ɗauko Yaya Lami in kawo ta asibiti da kaina.

Hindatu ta ce ana cikin yi mata sutura wayar ta yi ƙara, tana tambayar yaya barci.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma tir da wannan aiki. Ka sa baiwar Allah ta buɗe maka cikinta, abin da ba ta yi wa 'yarta ba, ka kwashe ka yi gaba. Amana ce, kuma za a tambaye ku. Ni ma za a tambaye ni, don ni na ce ta danna, na koma gida na zauna jira.

Mu bakwai ne a unguwarmu da abin nan a waya. In an yi sadakar uku zan bi su gida gida, kuma "da sauƙi" na farko ba zan karɓa ba.

Allah Ya gafarta wa Yaya Lami, Ya haskaka kabarinta, Ya sa abin da ta haɗiye ya zame mata kaffara. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, da Hindatu.