Ni da garken shanu a burtali

Jama'a, yau saura ƙiris shanu su tattake ni!

Ina koya wa ɗalibaina sauke bidiyo daga intanet. Makarantarmu ta Gwiwa kuwa ba sabis sai a tsakiyar burtali, hanyar da shanu ke bi. Muka fita, na ɗaga waya sama. Bidiyon ya kusa gama sauka, sai ga garke!

Yara suka watse suna ihu: "Malama, ki gudu!"

Na ce, "Wallahi ba inda za ni, ina motsawa zai yanke!"

Na hango dattijon mai shanun, na ce, "Baffa, don Allah minti ɗaya!"

Ya ɗaga sanda, garken ya tsaya cak. Sai ga bidiyo ya sauka!

Baffa ya matso ya ce, "To kunna, in ga abin da ya tsayar min da shanu."